Jar Masarar da Fatu Ta Wanke

Kajin Fatu sun fi 'ya'yan wasu gata a Inkil. Tun da mijinta Babayo ya sayar da ragowar shanunsu suka tare a gefen gari, ta juye duk son kiwon da ta gada a kan kaji. Akwai wata kaza wake-wake da take kira Amarya, jinin kazar da mahaifiyarta ta ba ta tun suna ruga, kuma duk kajin gidan daga tsatsonta suka fito. Bana ta ƙara sa musu ido, domin autarta Rukayya ta zo goyon ciki, kuma Fatu ta rantse mai jegonta ba za ta sha romon kazar kasuwa ba.

Sai dai damina ta yi nisa, hatsin gida ya ja baya, dusa kuma ta yi tsada a kasuwar Muda Lawal. Wata safiya tana sharar ɗakin ajiya ta ci karo da irin masarar da Babayo ya rage bayan shuka. Ƙwayoyin jawur suke da maganin da ake shafa wa iri don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Ta juye a baho, ta kwara ruwa, ta shiga cuɗawa.

Tana cikin haka maƙwabciyarta Zubaida ta yi sallama, ta zo aron taɓarya. Ganin jan ruwa yana bin tsakar gida ya sa ta ja ta tsaya.

"Inna Fatu, ba dai irin shuka ba ne wannan?"

"Masara ce. Ko an sake mata suna ban ji ba?"

"Wallahi guba ce a jikinta, Inna. Jan nan ai gargaɗi ne, don kada mutum ko dabba su ci."

"To ga gargaɗin naki can yana bin kwata. Duba ki gani, ta fita fes."

"Launin ne ya fita. Maganin ya riga ya kama ƙwayar, ruwa ba ya cire shi."

Fatu ta miƙe ta riƙe ƙugu. Irin mutanen nan ce da in ka ce musu gabas sai sun nufi yamma, don kawai kai ka faɗa.

"Ke yarinya, na san ciyawar da ke kumbura cikin saniya tun ba a yaye uwarki ba. Kazar da ke tsattsage kunama a bola, ita ce masara za ta kayar? Ɗauki taɓaryarki, Allah ya ba mu alheri."

Zubaida ta ɗauki taɓaryar ta fita. Fatu ta ɓarza masarar, ta watsa da hannu biyu, har da ƙari don haushi. Kaji suka yi mata caa. Amarya ma ta sauko daga kan ƙwan da take kwanci ta cika maƙoshi.

Kafin la'asar tsakar gidan ya yi tsit. Zakaran da ke hana kowa barcin rana ya saki fukafukai, yawu na zuba daga bakinsa. 'Yan matan kajin suna tafiya suna faɗuwa kamar masu jiri. Fatu ta ɗura musu manja, ta ɗura madara, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunan Allah, amma suna ta miƙe ƙafa a hannunta. Amarya a bakin akurki ta ƙare, tana ƙoƙarin komawa kan ƙwanta. Nan Fatu ta zauna daɓas a ƙasa, don ta san da hannunta ta yi.

Babayo ya dawo daga gona ya tarar da ɓarna. Bai tsaya dogon tambaya ba, ya zaro wuƙa.

"Miƙo masu sauran numfashi in yanka kafin su zama mushe. A yi wa yarinyar nan farfesu da biyu, sauran in kai wa masu gashi a rage asara."

Fatu ta tashi ta tare gabansa.

"Malam, mayar da wuƙarka."

"Halal ne fa, tunda da ransu."

"Wuƙa tana fitar da jini, ba ta fitar da guba. Yau na ƙi jin magana na kashe kajina. Ba zan ƙara da 'yata da abin da ke cikinta ba, kuma ba zan aika wa ɗan wani ya saya ya ci ba."

"Wahalar shekara da shekaru za ki zuba a rami?"

"Taurin kan da ya kashe su, shi zai binne su. Ba ni fartanya."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ko gezau. Ita da kanta ta haƙa rami mai zurfi a bayan gida, inda kare ba zai tone ba. Da sauran ma suka mutu, ta zuba kajin, ta zuba ragowar masarar, ta ɗora Amarya a sama ta mayar da ƙasa. Ƙwan kuwa ya huce a akurki, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba.

Da Rukayya ta sauka lafiya, zakaran Zubaida aka yanka mata. Fatu ce ta dafa, ta kai wa mai jego, amma ita ko ɗanɗanawa ta kasa yi. Har yau in gari ya waye takan fito tsakar gida da ƙwarya a hannu, sai ta tuna babu mai amsa kiranta.

Jama'a, irin shuka mai launi na ƙasa ne, ba na ciki ba, kuma wanki ba ya raba shi da guba. Kada a ba kaji, kada a ci, kuma dabbar da ta ci shi a binne ta, kada a yanka.