Ɗinkin Cikin Kujerar Ƙarshe

Ranar da za ta ajiye aiki aka turo mata kujerun wani tsohon jirgin sama mai faɗin ciki, mai inji biyu, wanda kamfanoni huɗu suka mora a ƙasashe huɗu kafin nasu ya saye shi.

"Gwaggo, ga sa'anki ya iso," in ji shugaban ma'aikata. "Ku yi ritaya tare mana."

"Allah ya shirye ka! Shi ai sake tashi zai yi, ni ce mai sauka."

Dariya ta yi, amma abin yana cinta a rai. Shekara talatin tana ɗinka rigunan kujerun jirgi, dubban mutane sun keta gajimare a kan aikin hannunta, ba wanda ya san da ita. Gobe ko keken ɗinkinta ma wata za a ba.

Ta cire rigar kujerar ƙarshe, sai ta tsaya cak. A jikin ƙyallen da ya lulluɓe soso, inda idon fasinja ba ya kaiwa, wata ta ɗinka ɗan kifi da jan zare. Kusa da shi fure, sai tsuntsu, sai tauraro, kowanne hannu daban. Mai ɗinki ta huɗun kuma ta ƙara da'ira, ta bar cikinta fayau.

"Gwaggo, lokacin tashi ya yi fa!" in ji shugaban.

"Dakata, ɗan nan," ta ce, tana lasar bakin zare. "'Yan'uwana sun ajiye mini wuri."