Mataimakin Koci a Ɗaurin Auren 'Yar Wansa

Ka ce an kira ka aikin mataimakin koci a wata kwaleji can nesa, kana ta rawar ƙafa. Allah ya sa alheri. Amma zauna tukuna in ba ka labarin wani da ya riga ka shiga wannan sana'a.

Shi ma ɗan ƙwallon kwando ne tun yana ɗalibi, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ɗakin uwarsa. Gwiwarsa ce ta samu matsala kafin ya yi suna, sai kocinsu ya tausaya masa ya miƙa masa usur ya ce ya riƙa taya shi. Daga nan bai sake wani aiki ba. Shekara ashirin da shida ya yi, kwaleji huɗu, manyan koci biyar, kowanne ya zo ya ɗaga kofi ya wuce, shi yana nan a mataimaki. Ba don bai iya ba. Abin da ya iya ne ya hana a ɗaga shi daga wurin: duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi iya shawo kan iyaye. Ya ji labarin wani dogon saurayi a ƙauye, ya hau mota ya je. Ya san uba ba ya sakin ɗansa ta waya, don haka sai ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma, ya ci tuwon gidan ko da miyar ba gishiri, ya tafi bai tayar da zancen yaron ba. Ya dawo ranar suna, ya dawo ranar ta'aziyya. A zuwa na uku ko na huɗu uban da kansa ke cewa ga ɗanka nan, amana. To irin wannan tafiya sai lokacin hutu, sa'ad da kowa ke haramar gida. Hutun ƙarshen shekara a kan hanya yake yin sa, Sallah kuma tana riskar sa a sansanin gasa. In ya dawo, ɗakinsa guda ne a bayan filin wasa, da katifa da risho da buhun ƙwallaye. Bai yi aure ba, kullum sai an gama gasar bana. Da la'asar in 'yan wasa sun watse yakan tsaya shi kaɗai yana jefa ƙwallo a raga, ya je ya ɗauko da kansa, kuma kaɗaicin yana cin sa, ba ya dai faɗa ne.

Yana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wan kuma yana da 'ya ɗaya mace. Da aka haife ta ya aika da rago. Da ta yi saukar Alƙur'ani ya aika da atamfa. Da wan ya rasu, shi yana tsakiyar gasa a kudu, ya yi kuka a waya, ya ce yana nan tafe, sai ga wasan kusa da na ƙarshe, ya aika da buhun shinkafa. Duk da haka akwai abu ɗaya da ya riƙe a zuci yana jin daɗinsa: ranar auren yarinyar nan shi ne waliyyi, tunda shi ne baffanta na jini. Ya sha faɗa wa 'yan wasansa, har suna tsokanar sa da baban amarya. Mutumin da bai taɓa zama na gaba a komai ba, a wannan rana ɗaya shi za a tambaya, shi zai ce na bayar.

Da aka sa rana aka gaya masa, ya ce in sha Allahu. Wannan karon kuwa da gaske yake. Ya ɗinka babbar riga, ya bar atisaye a hannun wani, ya kwana biyu a hanya, ya iso ƙofar gidan ubansa da hantsi ana shimfiɗa tabarmi. Samarin gidan suka ga dogon baƙo da sabuwar shadda, suka tarbe shi da ladabi, suka kai shi cikin dangin ango, har da ba shi goro da alawa. Ya duba fuskokin bai san ko ɗaya ba, kunya ta hana shi cewa gidanmu ne. Ya ce a ransa bari liman ya tambaya. Liman ya tambayi waliyyin amarya, kafin baffan nata ya gyara murya wani gajeren tela ya amsa daga gaba. Ɗan baffansu ne shi da marigayi wansa, wanda shekara da shekaru ba ya fashin zuwa gidan a kan keke duk ranar Juma'a, ko da ba shi da abin kawowa sai gaisuwa. Aka ɗaura, aka shafa fatiha, shi ma ya shafa tare da baƙi.

Sai da taro ya fara watsewa telan ya gane shi. Ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ba faɗa ba gori, ya ce, "Wallahi da mun san za ka zo, ai wurinka ne. Amma ranar jana'iza ma ka ce kana nan tafe." Daga nan ya aika cikin gida a gaya wa amarya ƙanin babanta ya zo. 'Yar aiken ta dawo ta ce amarya na gaisuwa, tana tambaya wanne daga ciki.

Je ka kama aikinka, ban hana ka ba. Amma ka san dalilin da ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.