Zan Gyara Sitiyarin a Hanya

Ranar da Auta za ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe a makarantar koyon jinya, ranar motar ubanta ta ga damar ƙin tashi. Uban kafinta ne, Guntu ake ce masa saboda gajartarsa. Ya yi ta murɗa makulli har batir ya mutu. Ga shi ƙarfe takwas ake rufe ƙofar ɗakin jarrabawa, wanda ya makara kuwa sai baɗi.

Da gudu ya zagaya gidan yayansa Dogo ya ari tasa. Shi Dogo in zai shiga ɗaki sai ya sunkuya, don haka kujerar motarsa tana can baya, sitiyarin kuma an ɗaga shi sama iya ɗaguwa. Da Guntu ya zauna, sai ya zama ta tsakiyar sitiyarin yake leƙen hanya, birki kuwa da ɗan yatsan ƙafa yake taɓo shi.

Dogo ya leƙo ta taga ya fashe da dariya. "Kai Guntu, ina ka shige? Hularka kawai nake gani. Jawo kujerar nan gaba. Ga wani mariƙi nan a ƙarƙashin sitiyarin, ka sake shi, ka sauko da sitiyarin daidai ƙirjinka, ka mayar ka kulle."

"Yaya, bakwai da rabi fa ta wuce. Zan gyara a hanya."

"A hanya? Minti ɗaya ne fa!"

"Shekara ashirin ina tuƙi, yau za ka koya mini zama a mota?"

Auta da ke gefensa rungume da littafinta ta ce, "Baba, ka bi maganar Baffa mana, ai ba mu makara sosai ba."

"Ke dai yi karatunki," in ji shi, ya ja mota.

Ba su yi nisa ba kafaɗunsa suka fara ciwo, don hannuwansa a sama suke kamar mai shanya kaya a igiya. Suka hau babban titi, motoci na gudu. Ya ga gabansa da ɗan sarari, wata tifa ce kawai cike da yashi can gaba. Ya ce a ransa yanzu ne lokaci. Ya riƙe sitiyarin da hannu ɗaya, ya zura ɗayan ƙasa yana lalube, har ya kama mariƙin ya finciko.

Nan take sitiyarin ya rikito masa a kan cinya, rim! Motar ta yi tangal-tangal. Ya sunkuyar da kai yana neman yadda zai mayar da mariƙin.

"Baba! Baba, tifa!"

Ya ɗago. Tifar ta tsaya cak, ga bayanta nan ya cika gilashi. Ya miƙa ƙafa iya miƙewa, amma birkin ya yi masa nisa, bai taku ko rabi ba. Ya murɗe sitiyarin da ke rawa a hannunsa, sai motar ta karkace, ɓangaren da Auta take ya shige ƙarƙashin tifar.

Guntu ya fito da ƙafarsa, goshinsa kawai ya fashe. Ya tsaya yana kallon mutane suna sare ƙofa da gatari don a ciro 'yarsa.

A asibiti likita ya ja shi da Dogo gefe, ya ce, "Ranta ya tsira, ku gode wa Allah. Amma ƙafar dama ta niƙe daga gwiwa zuwa ƙasa. Dole muka cire ta."

"Cire me?" in ji Guntu. "Likita, jarrabawa fa na kawo ta. Jarrabawa za ta rubuta."

Dogo ya riƙe shi don kada ya faɗi. Shi ma hawaye yake yi.

Can da la'asar Auta ta farka. Ba ta san abin da ke ƙarƙashin mayafin da aka lulluɓe ta da shi ba tukuna. Ta juya ido ta ga ubanta durƙushe a bakin gado, ta ce a hankali, "Baba, ƙarfe nawa? Tashi mu tafi, kada a rufe ƙofa."

Jama'a, ku ji da kyau. Motar da ba taka ba, ba a gwada ta da jikinka ba. Kafin ka tayar da ita, ka jawo kujera har ƙafarka ta take birki zuwa ƙarshe, ka daidaita sitiyari, ka kulle shi, ka jijjiga ka tabbata ya kama. Wanda ya bar wannan aiki sai mota na gudu, ba ransa kaɗai ya saka a haɗari ba, har da na wanda ya amince ya zauna a gefensa.