Garmar da Aka Rataye a Ofis

Kai da kake ta murna an rufe boda don a taimaki masu sana'ar gida, zauna ka ji misalin wani maƙeri. Garmar shanu yake ƙerawa. Al'adar garinsu kuwa, da an gama huɗar farko, kowane manomi zai kwance bakin garmarsa ya kawo maƙera. Sai maƙerin nan ya juya ƙarfen a hannu, ya duba inda ƙasa ta ci shi. Na mai gonar jigawa daban yake cinyewa, na mai fadama daban. Manomi na tsaye yana mita, wai garmar ta kusa karya wa shanunsa wuya, shi kuwa yana saurare, yana lanƙwasa nan, yana rage nauyi can. Ba don haƙuri ya yi masa yawa ba, dole ce, domin garmar ƙetare na jibge a kasuwa, duk wanda ya ɓata wa rai can zai nufa. Da haka kowace damina garmarsa take fin ta bara. Ana nan sai hukuma ta hana shigo da garmar waje, ta turo ma'aikata da mota cike da ƙarfe kyauta, suka ce duk abin da ya ƙera su za su biya shi, su kwashe su raba wa manoma. Sharaɗin ɗaya ne: akwai samfurin da aka rataye a ofis, kowace garma ta fito kamarsa, ba ƙari ba ragi. Maƙeri bai yarda da su ba. Mutum uku ya kai wa takardar da suka ba shi su karanta masa, ba wanda ya san an kai wa wani. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya kasa kunne, ko ruɓaɓɓe aka kawo masa. Ya yi zaton filin maƙerarsa ake hari, ko kuwa haraji ne ke tafe a baya. Ya jira ya jira bai ga komai ba, sai ya dangwala hannu.

Shekara shida fili na nan, haraji bai zo ba, har maƙeri ya ajiye tumbi. Sai dai an daina kawo masa bakin garma. Wanda aka ba kyauta a ofis, wa zai kai wa ƙara? Manoma su wuce ta ƙofarsa, su yi gaisuwa a taƙaice, su ƙara gaba. Zuciyarsa takan raya masa cewa shirun nan ba na lafiya ba ne. Sau ɗaya ma ya ɗan lanƙwasa baki yadda ya san ƙasar fadama take so, ma'aikaci ya gwada da samfuri, ya dawo masa da kayansa. Tun daga nan bai sake ba. Kwatsam aka canja manya, aka buɗe boda ba ko sallama, motar ƙarfe ta ɗauke ƙafa. Garmar ƙetare ta dawo, amma ba wadda ya sani ba ce. An yi mata wani noti, a sassauta shi a ɗaga baki ko a sauke, jigawa da fadama duk nata ne. Su maƙeran can ashe ba barci suke yi ba. Shi kuwa hannunsa ya manta komai sai siffa ɗaya. Ya jera garemaninsa a ƙofar maƙera har tsatsa ta fara hawansu, ba mai tayawa. Da ƙyar wata rana wani manomi ya tsayar da amalanke, ya sauke sabuwar garma. Maƙeri ya miƙe, ya kai hannu ga notin don ya ga yadda aka yi shi, sai manomin ya riƙe masa hannu ya ce, "Haba Sarkin Maƙera, wasa mini bakin kawai. Kada ka taɓa abin da ba ka sani ba." Gaskiyar Hausawa da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.