Wayar Birkin Hannu

Ƙafafunsa kawai take gani. Sauran jikin maigidan yana ƙarƙashin motar, a kan wani yagaggen kwali, ita kuma tana tsugune da sifanu a cinya, tana miƙa masa duk wadda ya nema. Gari bai gama wayewa ba. Sun kulle ƙofar gida da sakata.

Abin da suke gyarawa ba wani babban abu ba ne. Waya ce mai kaurin yatsa, ta taso daga sandar birkin hannu, ta rabu biyu zuwa tayoyin baya. Ta daɗe a tsinke. Ɗansu tilo, Dogo, shi ke jan motar yana rarraba kayan shagon ubansa. Kullum sai ya yi mitar wayar nan, kullum uban sai ya ce a bari wata ya mutu. Watanni suka yi ta mutuwa. A madadin birki, dutse suke da shi a bakin ƙofa, in an tsaya a tokare taya da shi. Dogo har kirari yake yi masa, wai duk gidan babu mai riƙon amana kamarsa.

Jiya ruwan sama ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin dutsen. Dogo ya shiga gida shan ruwa, motar ta zame ta gangara. Layinsu gangare ne, kuma a can ƙasa, jikin bango, wani tsoho mai gyaran takalmi yake zama. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

'Yan sanda suka tafi da Dogo. Ba a samu abin jan mota ba, sai aka taru aka turo ta tsakar gida, aka ce kada kowa ya taɓa, mai duba motoci zai zo da hantsi. Ita ba a bari ta ga ɗanta ba. Maigidan ne ya bi su ofis. Ya dawo da yamma da ƙunshi a hammata, ya zaunar da ita.

"Maman Dogo, laifin yaron nan guda ne, ya ja mota marar birki. In aka zo aka tarar birki lafiya, an ce ƙaddara ke nan. Za su sako shi."

Bai ci abinci ba. Ta ɗauka tausayin ɗa ne.

Tsohuwar wayar ta yi tsatsa ta manne a maƙalarta. Ya zuba mata mai, ya doka, ya zage ta, sifana ta kuɓce ta ɓare masa gaɓar yatsa. Ya tsotse jinin ya ci gaba. Da ya zare ta, ya zura sabuwar da ya zo da ita a ƙunshi ta hanyar da tsohuwar ta bi, ya maƙala kawunanta, ya ce ta shiga ta ja sandar. Ta ja, sandar ta tafi sama fayau. Ya ƙara ɗaure noti. Ta sake ja, sai ta ji ƙaras-ƙaras, sandar ta cije a rabin hanya. Rabonta da jin wannan ƙarar har ta manta.

Amma sabuwar wayar tana ƙyalli kamar cokalin amarya. Ya ce ta kwaɓa baƙin mai da taɓo. Hannunsa bai shiga lungunan ba, don haka ita ta ɗaure zani, ta kwanta a kwalin, ta bi wayar tana shafawa har ta yi kama da abin da ya shekara a wurin. Tana shafawa tana tuna tsohon, yadda yakan riƙe allura a leɓe in yana gaishe ta. Ta nemi gafarar Allah. Ba ta daina shafawa ba.

Tsohuwar wayar ta jefa a masai. Dutsen kuwa ta rungumo shi ta kai bayan kicin, ta kifa tukunya a kai.

Da hantsi suka iso. Mai duba motocin gajere ne mai tumbi, ya shigo yana goge tabarau. A bayansa ɗan sanda ne riƙe da Dogo, da ankwa a hannu, idanunsa sun kumbura. Ta yi masa murmushi, ta ɗan gyaɗa kai don ya san an gama komai.

Mutumin ya durƙusa da nishi, ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa wayar, ya duba yatsansa. Ya goge su a taya, ya shiga motar, ya ja sandar. Ya sa ƙarti uku daga cikin masu kallo suka tura da iya ƙarfinsu. Motar ko gezau.

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali.

Sai ta ga fuskar Dogo. Ba fuskar wanda za a saka ba ce. Yana kallon sandar, yana kallon yatsan ubansa mai ɗaure da tsumma.

"Baba," ya ce. "Baba, wa ya taɓa motar nan?"

Maigidan yana kallon ƙasa.

"Kai, rufe mana baki!" in ji ɗan sandan. "Jiya ka cika mana kunne wai waya a tsinke take. Ga ta nan. Mantawa ka yi ba ka ja ba, ka kashe bawan Allah." Ya fizge shi zuwa ƙofa.

Ta bi su da kallo. Mai duba motocin ya fito yana kakkaɓe gwiwa, ya dafa kafaɗar maigidan.

"To, Malam, kai ka fita. Ai na faɗa maka tun jiya a ofis: in a tsinke take, kai mai mota za a ɗaure, in lafiya take, yaron."