Takardar da Ta Ƙi Zama a Kwandon Shara

"Ammi, ban ma buɗe jakar ba. Aiki ya yi mini yawa."

Kullum haka ɗana yake ce mini daga Karachi, ni kuwa a Lahore iyayen 'yan matan da nake nema masa sun zuba mini ido. Takardunsu da hotunansu duk na jera a jakar da muke buɗewa tare a shafin intanet.

To, tunda ba ya dubawa, sai na fara shara. Na ja takardar 'yar likita na jefa kwando. Shiru. Ta 'yar mai yadi ta bi ta. Shiru. Na jefa ta malamar makaranta mai tabarau, na tashi sallar la'asar. Ina sallamewa na tarar ta dawo mazauninta.

Na sake jefawa. Kafin shayina ya huce ta dawo.

Na kira shi. "Babban ma'aikaci, jakar nan fa aljanu sun shige ta. Bari in goge malamar har daga kwandon."

"Ammi, don Allah kar ki taɓa!"

"Au, wacce ma?"

Na yafa gyalena, na tafi sayo alewar kaiwa gidan su malama.