Turaren Inna da Zarnin Kaji

Bari in ba ka wani misali. Akwai wata mata mai haɗa turaren wuta, a wurin innarta ta gaji sana'ar. Sirrin turaren nasu ba wani abu ba ne, wata gansakuka ce fara-fara, kalar toka, mai mannewa a jikin tsofaffin itatuwan ɗorawa na bayan gidansu. Tun tana 'yar mitsitsiya take bin innar da ƙoƙo, tsohuwa na kankara da bakin wuƙa, ita tana tarewa. Kuma tsohuwar ba ta taɓa kankare reshe tas ba, sai ta bar rabi ta ce na baɗi ne. Bayan rasuwarta, duk sanda matar nan ta zuba turaren a kasko, wallahi sai ta ji kamar innar ce ta gifta ta bar ƙamshin mayafinta a ɗakin.

To sai yayin kiwon kajin gidan gona ya zo, kowa na yi. Ita ma ta ce me zai hana, ta kafa ƙaton keji a gindin ɗorawar nan, tunda ga inuwa. Kaji sun yi albarka kam, ba ƙarya. Amma kashinsu ya taru, zarni ya riƙa tashi, irin mai sa ido ƙwalla ɗin nan, kullum yana dukan rassan. A hankali farar gansakukar ta bushe tana kakkaɓewa, wata rawaya mai son zarni ta mamaye ko'ina kamar an watsa kurkur. Ita har murna ta yi fa, wai itatuwan sun ƙara kyau. Da bikin 'yarta ya matso, ta ce amarya ba za ta tare ba sai da turaren kakarta. Ta kankaro rawayar, ta daka, ta haɗa yadda aka koya mata, ta barbaɗa a garwashi. Ƙanwar marigayiyar, tsohuwa tukuf, ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai hayaƙi ne kawai. Ina Yaya a ciki?" Matar ta kwashe kajin, ta share wurin fes. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, tana ta ɗaga kai tana duba rassa. Farar ba ta dawo ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.